Awon Matsin Inji a Jos: Lambobi Biyar Lafiya Lau, Ɗaya Ce Ke Da Magana

Tambaya: Assalamu alaikum, Oga. Ina zaune a Rikkos, nan Jos. Na ga wata Nissan 350Z ƙirar 2005, tokumbo, a hannun wani dillali, kuma ta kwanta mini a rai. Kafin in biya na sa bakanike ya yi mata awon kwamfireshan, wato awon ƙarfin matsin iska a cikin kowace silinda. Daga silinda ta ɗaya zuwa ta shida ga abin da ya samu: 165, 163, 160, 164, 138, 162. Na ga an ce 185 ya kamata ta ba da. Bakanikena ya ce injin ya gaji gaba ɗaya, in haƙura. Dillalin kuwa ya ce daɗewa a ajiye ce, da zarar na yi Abuja da ita na dawo za ta buɗe. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna.

Gaskiya ne, littafin gyara na Nissan ya ba injin motar nan, wato VQ35DE mai silinda shida, 185 psi (ma'aunin ƙarfin matsi) a matsayin matsin da ya dace. Ya ce kada ya yi ƙasa da 142, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada ta wuce 14. Abin da bakanikenka ya manta shi ne inda yake tsaye lokacin da yake awon. Lambobin littafi na ƙasar da ke daidai da bakin teku ne, irin Legas. Jos kuwa a kan tsauni take, wajen mita 1,200 a sama. Fistin ba ya matse komai sai iskar da ya zuƙa, iskarmu ta nan kuma ba ta da nauyin ta Legas. Duk hawan mita 300, awo na raguwa da kimanin kashi 3 cikin 100, ka ga a Jos an yi asarar wajen kashi 12 ke nan tun kafin a taɓa makulli. Injin da zai ba da 185 a kasuwar Ladipo ta Legas, idan ka hau da shi nan, 160 ko kusa da haka zai nuna maka, alhali lafiyarsa ƙalau. Da za ka gangara Hawan Kibo da ita ka kai ta Apo a Abuja a sake awo da geji ɗaya, wato na'urar awon, za ka ga kowace lamba ta ɗaga, don tsayin Abuja bai kai rabin na Jos ba.

Saboda haka 165, 163, 160, 164 da 162 ba alamar gajiya ba ne. Ga motar da ta kai wannan shekarun, ni da na ga irinsu sai in yi hamdala.

Silinda ta biyar ce matsalar. Tsauni ba ya zaɓen silinda ɗaya ya rage mata iska ya ƙyale sauran. Tsakanin 165 da 138 akwai 27, kusan ninki biyu na abin da Nissan ya yarda da shi. Shi ya sa kullum nake gaya wa yarana a gareji su fara duban yadda lambobin suka yi da junansu kafin su buɗe littafi. Geji ma kansa yana ƙarya; na taɓa riƙe guda biyu da suka saɓa wa juna da kusan goma a kan inji ɗaya. Amma gejin da ke ƙarya, duka shidan zai yi wa ƙarya iri ɗaya.

Kafin mu yanke wa silindar hukunci, ka tambayi bakaniken yadda ya yi awon. Injin ya yi zafi, ko da sanyin safiyar Jos ya auna shi? Ya cire filogi duka shida? Ya cire fis ɗin famfon mai, ya take totur har ƙasa? Batir fa? Wannan na ƙarshen yana yaudarar mutane sosai: idan batir ya fara sanyi, silindar da aka auna daga baya ita ke fitowa da ƙaramar lamba. A naka dai ta shida ta dawo 162 bayan ta biyar, don haka ba na zargin batir.

A sake awo, a wannan karon da baƙin mai. A zuba kamar cokalin shayi ɗaya ta ramin filogin silinda ta biyar, a juya injin sau ɗaya ko biyu, a mayar da geji. Man zai toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda na ɗan lokaci. Idan 138 ta yi tsalle ta kamo 'yan'uwanta, to ringi ne ya ci ko bangon ya karce, kuma wannan aikin sauke inji ne. Idan ta tsaya cak ko ta motsa kaɗan, iskar ta sama take gudu: bawul ba ya zama daidai, ko ya ƙone, ko gaskit. Shi wannan a tof, wato murfin saman inji, ake gama shi, ya fi sauƙi, amma ba kyauta ba ne.

Wani abu da ke rikita masu saye: a injin nan silinda ta 1, ta 3 da ta 5 su ne a ɓangare ɗaya, ta 2, ta 4 da ta 6 a ɗaya ɓangaren. Maƙwabciyar ta biyar ita ce ta uku, ba ta huɗu ba. Gaskit idan ya fashe tsakanin silinda biyu, tare suke faɗuwa. Taka ta uku tana 160, ita ce mafi ƙasa a cikin masu lafiya, amma ba ta faɗi ba. Wannan ya sa na fi karkata ga bawul ko ringi.

Wanda zai raba gardama shi ne awon yoyo. Ana kawo fistin can sama lokacin da bawul duka suke rufe, a tura iskar kwamfireso ta ramin filogi, sai a kasa kunne. Huci a salansa, bawul ɗin fitar hayaƙi ne. Huci ta wajen shigar iska, bawul ɗin shiga. Ta murfin zuba baƙin mai, ringi. Kumfa a lagireto kuwa, gaskit ne ko tof ya tsage. Yoyon da bai kai kashi 10 ba babu damuwa, wanda ya haura 20 akwai gyara a gaba.

Maganar dillali ba duka ce ƙarya ba. Motar da ta yi watanni a tsaye, ringi kan maƙale, ko dattin hayaƙi ya zauna a bakin bawul, kuma tafiya mai nisa takan sake su. Sai dai idan ya yarda da maganarsa, me zai hana a gwada tun motar tana hannunsa? A zuba mai, ku yi Bukuru ku dawo sau biyu, ta ɗau zafi sosai, a sake aunawa a gabansa. Ka biya kuɗi sannan ka je Abuja neman amsa, cinikin biri a sama ke nan. Ka kuma zaro sandar awon baƙin mai ka murza a yatsa, don akwai masu zuba mai kauri kamar zuma su ɓoye ringin da ya mutu.

Ka tuna kuma wace irin mota ce. Ba wanda ke sayen 350Z don kai yara makaranta. Yawanci ta sha totur a hannun mai ita na farko. Ka duba ko an cire mata tamostat, ko an canza matatar iska da irin buɗaɗɗiyar nan da ke barin ƙura ta wuce, don ƙurar hunturu ringi take ci.

Ga yadda ni zan yi da kuɗina. Idan bayan zagayen Bukuru ta biyar ta hau ta shigo cikin tazarar 14, zan saya. Idan bawul ne, zan sa a yi mini lissafin aikin tof a cire daga farashi. Idan ringi ne, sai an rage mini kuɗin wani injin. Idan na ga kumfa a lagireto, zan miƙa wa dillali makullinsa. Ka turo mini sababbin lambobin, da hoton filogin silinda ta biyar a gefen na ta uku.