Amsar Baffa Ga 'Yarsa Da Ke Jamus Kan Mutuwar Tsohon Karensu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, ina sanar da ke cewa saƙonki ya iso ni bayan sallar isha'i, kuma na jinkirta amsa zuwa wayewar gari ne domin tambayar da kika yi ba ta amsa a tsaye ba ce. Kin ce karen da kuka yi shekara 13 tare da shi, tun kuna Teksas har aikin soja ya kai maigidanki kusa da Kaiserslautern, ya tsufa har ƙafafunsa na baya sun daina ɗaukarsa, likitan dabbobi ya ba ku shawarar a yi masa allurar da za ta hutar da shi, kuka yarda, aka yi. Kin ce kin yi kuka, wata daga cikin danginmu ta ce miki kin zama Baturiya, ina aka taɓa jin Bahaushiya ta yi wa kare hawaye. Kin kuma ce gawarsa tana ajiye a wurin likitan, yara suna so a ƙona ta a ba su tokar kamar yadda maƙwabtanku Amurkawa suke yi, ke kuwa kina so ki san abin da al'adarmu da addininmu suka ce.

Zan fara da kukan, domin na lura shi ne ya fi damunki. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba, kuma ban taɓa jin an ware wani sabo an ce shi ba a yi masa ba. Kakanki, wato mahaifina, mafarauci ne kafin ƙarfinsa ya ƙare, kuma yana da wani jan kare mai yankakken kunne da yake kira Ba-ruwana, irin sunan habaicin nan da magabata suke sa wa karnuka domin maƙwabci ya ji. A wani rani, ina ɗan shekara goma ko kusa da haka, gadu ya farke masa ciki a wajen farauta. Ina tsaye a ƙofar gida na hangi kakanki yana tahowa da shi a saɓe a kafaɗa, jini ya ɓata masa riga har ƙasa, alhali ko zomon da ya kashe ba ya yarda ya ɗauka da kansa, yara yake bai wa. Ya shimfiɗa shi a gindin tsamiyar bayan gida, ya kawo ruwa a sakaina yana ɗiga masa a baki har rai ya fita. Daga nan ya aike ni in ɗauko fartanya, ya haƙa rami mai zurfi da hannunsa, ya rufe shi, ya ɗora ƙaya a kai saboda kura. A daren nan an kai masa tuwo an dawo da shi yadda aka kai. Bai ce wa kowa komai ba, babu kuma wanda ya tambaye shi, amma ya yi kwanaki yana gutsurar lomar farko ya riƙe ta a hannu, sannan ya tuna babu wanda zai jefa wa.

Na ba ki wannan labari ne domin ki gane inda mai yi miki gori ta kuskure. Gaskiya ne kare ba shi da daraja a bakin Bahaushe, da sunansa ake zagi, kuma a gari idan ya mutu yawanci igiya ake ɗaura masa a ƙafa a ja shi zuwa juji. Amma wannan halin mutanen da ba su taɓa zama da kare ba ne. Mafarauta da makiyaya da masu kwana a gona sun san wani abu daban, sai dai ba sa faɗa. Al'adarmu ta ɓoye baƙin ciki ce, ba ta rashinsa ba. Ke kanki kin san uwa a ƙasar Hausa ba ta kiran sunan ɗan farinta, a da ma ko rasuwa ya yi sai ta daure a gaban mutane saboda alkunya, kuma babu mai hankalin da zai ce ba ta son sa. Abin da ya bambanta ki da kakanki shi ne ke kin bari an ga hawayenki, shi kuwa ya haɗiye nasa.

Ta fuskar addini ma ba ki yi laifi ba. Mu a nan mazhabar Imamu Malik muka tashi a kai, kuma a wurinsa duk mai rai tsarkakakke ne muddin yana da rai, har da kare, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne, ba don jikinsa najasa ba ne. Wasu mazhabobin sun saɓa masa a kan haka, shi ya sa za ki ji malamai suna magana iri biyu. Kin san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, na mutumin da ƙishirwa ta kama a hanya, ya shiga rijiya ya sha, da ya fito ya tarar da kare yana lallage harshe yana cin danshin ƙasa, sai ya koma ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa musu cewa akwai lada a kan kowane mai ɗanyar hanta. Ga kuma ayar da muke karantawa kowace Juma'a a Suratul Kahfi, inda aka ambaci karen samarin nan yana shimfiɗe da zira'ansa a bakin kogo. Amma abin da na fi so ki karanta wa yara shi ne labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Annabi ya same shi cikin damuwa, bai tsawata masa ba, bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba, sai ya kira shi da alkunya irin ta manya yana tambayarsa labarin tsuntsun domin ya lallashe shi.

Sai dai ba zan faɗa miki rabin magana in bar rabi ba. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana, ya kuma tabbata cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Malamai da yawa sun haɗa gadin gida da waɗannan dalilai uku. Ana ba da labarin Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, mai Risalar da muke karantawa a zaure, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, cewa ya ajiye kare a gidansa a zamanin tsoro, da aka tuna masa cewa Malik ya karhanta hakan, sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki ma zai ajiye. Na tuna dalilin da ya sa kuka ɗauko naku yana ɗan kwikwiyo: an tura maigidanki Afganistan wata tara, ke kaɗai a gida da goyo, a ƙasar da ba ki da uwa ba ki da ƙanwa, maƙwabci kuma bai san sallama ba. Wannan gadi ne, ban ga abin zargi a cikinsa ba. Abin da ban so ba, kuma na faɗa wa maigidanki a lokacin, shi ne yadda sanyin hunturu ya sa kuka riƙa barinsa yana kwana a falo.

Game da allurar, ki kwantar da hankalinki. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, sun halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita, domin a hutar da ita daga wahala. Kin ce ya yi kwana huɗu ba ya iya tashi, yana ɓata shimfiɗarsa, yana kuka cikin dare. Barinsa a haka don kawai ba ku so ku rabu da shi, shi ne zai fi kusa da zalunci.

Yanzu batun gawar. Ra'ayina shi ne a binne shi, kada a ƙona, kada kuma a kawo toka gida a ɗora a kan kanta. Ban ce ƙona mushen dabba haramun ne ba, amma ajiye ragowar mamaci a ɗaki ana dubawa ba tarbiyyarmu ba ce ko a kan mutum, mu abin da ya mutu ƙasa muke mayar wa. Akwai kuma dalili na biyu: ku mutanen tafiya ne, bayan shekara biyu ko uku za a sake ɗaga ku, kuma ba na so jikokina su riƙa yawo da tulun toka daga ƙasa zuwa ƙasa, kullum ana sabunta musu ciwo. Dokar Jamus ta yarda a binne dabbar gida a lambu idan filin naka ne ko mai gidan ya amince, matuƙar ƙasar da ta rufe ta ta kai santimita 50 kuma wurin ba ya cikin yankin da ake kare ruwan sha. Tun da haya kuke, ki nemi izinin mai gidan, in ya ƙi akwai maƙabartun dabbobi, likitan zai nuna muku. A naɗe shi da tsohon bargonsa, maigidanki ya haƙa ramin, ɗan farinki ya taya shi, ƙananan su tsaya su gani. Amma ba a yi masa wanka, ba a sa masa likkafani, ba a yi masa salla, ba a fuskantar da shi alƙibla, ba a zaman makoki, babu sadakar uku ko ta bakwai. Waɗannan haƙƙin ɗan Adam ne, kuma ya kamata yara su ga bambancin da idonsu tun yanzu, domin ranar da za a kira ku a ce Baffa ya cika su san cewa abin da za a yi daban ne. Idan maƙwabta suka kawo katin jaje, ki karɓa ki yi godiya, alheri suka nufa. Idan autarki ta tambaya ko za ta gan shi a Aljanna, kada ki ƙirƙira mata abin da ba a faɗa mana ba, ki ce mata Allah ya yi alkawarin duk abin da rai yake so yana can, kuma Allah ba ya zaluntar ko tururuwa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma shi na fi gani a cikin saƙonki. Ni ma soja ne, na san abin da wannan aiki yake yi wa iyali. A 1979 ina cikin bataliyar Najeriya da ta yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a kudancin Labanan, kuma a shingen da muke gadi akwai wata karya da muke ba ragowar abinci, ita take fara jin motsi cikin dare kafin kunnen kowannenmu ya ji. Ranar da aka canza mu ta bi motarmu da gudu har ƙura ta rufe ta, wani kofur da ke kusa da ni ya juya fuska yana gyara hular da ba ta karkace ba. Bayan na dawo an yi ta yawo da mu daga barikin Kaduna zuwa Inugu, daga can zuwa Ibadan, sannan Rukuba a Jos, kuma a kowane tashi 'yan'uwanki sai sun bar makaranta da abokai da malamin allo sun fara daga farko. A lokacin ban ɗauki abin da muhimmanci ba, ina ganin yaro ai duk inda aka ajiye shi zai saba. Sai da suka girma ɗaya daga cikinsu ya ce mini shi bai san garin da zai kira nasu ba, maganar nan kuwa har yau tana ci mini rai.

Naki yaran sun fi nawa shan wannan, domin su har harshe da yanayi ake canza musu. Ubansu ya yi wata tara a Afganistan, ya yi shekara guda a Koriya ta Kudu ba tare da ku ba, gidaje sun canza, abokai sun watse, kakanni kuma sai a waya. A cikin duk wannan, abu ɗaya da bai taɓa canzawa ba shi ne wanda yake tarbarsu a ƙofa idan sun dawo daga makaranta. Kin ba ni labarin wahalar da kuka sha kafin a shigar da shi Turai, da 'yar na'urar shaida da aka sa masa a ƙarƙashin fata, da allurar haukan kare, da takardar lafiya, da yadda ɗan farinki ya ƙi cin abinci a jirgi saboda an sa kejin a wurin kaya. Yaron nan bai san duniya ba tare da karen ba. Saboda haka idan kika ga ya yi shiru ko yana faɗa ba dalili a makonnin nan, kada ki ce masa namiji ba ya kuka, ki zaunar da shi ki tambaye shi labarin karen kamar yadda aka tambayi Abu Umair, ki kuma gaya wa maigidanki ya rage dare a wurin aiki idan da hali.

Kada ku yi gaggawar ɗauko wani. In buƙatar gadi ta sake tasowa, ku yi masa ɗakinsa mai ɗumi a waje ko a gareji, ya san iyakarsa, wurin salla da wurin kwana su zama naku. Wadda ta yi miki gori kuwa ki bar ni da ita, ba ta riski kakanki ba, zan ba ta labarin Ba-ruwana da bakina. In Allah ya kai mu hutun makaranta mai zuwa ki turo mini yaran ko na wata guda ne, tsamiyar nan tana nan a bayan tsohon gida, ina so in kai su su gan ta, su kuma ga 'yan'uwansu. Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan auta. Wassalam, daga Baffanki.