Yadda Zango ke horon mai kauce wa hanya a Gana

Malam, ka tambaya yadda muke tsawata wa mai fita layi a Zangon Kumasi da unguwar Nima ta Accra, tunda ba mu da Hisba irin ta Kano, ba kuma kotun shari'ar Musulunci. Bulalarmu ita ce ƙafa, wato ƙaurace wa mutum. Wanda jama'a suka yi fushi da shi, ranar sunan ɗansa zai shimfiɗa tabarmi, ya yi hayar kujeru da rumfa, a bar shi da su.

Abin da ake kira laifi ma ya bambanta da na wajenku. Matar aure ta kafa tebur a bakin titi tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ko koko da ƙosai, ba mai ɗaga ido. Kulle bai zauna ba a gidan haya mai ɗaki goma sha, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, maƙwabcinka Dagomba ne ko Asante. Amma a yi rasuwa a layinku ba a gan ka a jana'iza ba, ba a gan ka a addu'ar uku, bakwai ko arba'in ba, ba ka ba da gudummawa ba, wannan za a riƙe maka shi shekaru.

Magana tana hawa ne mataki-mataki. Mai gidan da kake haya ne na farko. In ta fi ƙarfinsa, sai liman na masallacin layi, sannan sarkin ƙabilarku, domin Hausawa, Mosi, Zabarmawa, Wangara, kowa da nasa. Sarkin Zango ne ƙarshe. Duk cikinsu ba mai ikon ɗauri. Nasiha ce da sulhu da kunyatarwa. Tsallake su ka tafi wurin 'yan sanda kai tsaye, shi kansa laifi ne: ka kai ɗan'uwa hannun hukuma.

Inda abin ke tsinkewa shi ne gado. Dokar Gana ta 1985, wadda ake kira PNDC 111, ta hau kan duk wanda ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, ko mene ne addininsa. Gida ɗaya da kayan cikinsa na mata ne da 'ya'ya. Sauran dukiya a raba ta kashi 16: mata 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, dangi bisa al'ada 2. Kuma ba ta ce namiji ya ɗauki rabon mace biyu ba. Yawancin gidaje malami suke kira ya raba bisa fara'ili, wato rabon gado na Musulunci, kowa ya sa hannu, shi ke nan. To, in 'ya mace ɗaya ta ƙi, ta kai kotu, doka na bayanta, rabon malam ba zai tsaya ba. Za ta ci shari'a, amma ta shirya jin "ta kai gawar ubanta kotu" a kowane gidan biki. Ni a ganina sakacin uban ne. Da ya rubuta wasiyya gaban shaidu biyu, da ba a kai nan ba.

Haka auren wuri. Dokar yara ta 1998 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, don haka limamai da yawa sai sun tambayi shekarun amarya kafin su ɗaura.

Ƙauracewar ma tana cin wanda ke buƙatar jama'a ne kawai. Saurayin da ke turo kuɗi daga Jamus ko Amurka, ko da kitso a kansa da ɗan kunne ya dawo, in ya biya kuɗin rufin masallaci, sahun gaba ake ba shi.