Madubi ko kyamara a jirgin da ke jan gilaida?

Tambaya: Malam, a kulob ɗinmu akwai jirgin da ke jan gilaida (gilaida ita ce jirgin nan mara inji), wasu na cewa a cire madubin jirgin jan a sa kyamara irin ta ribas ɗin mota. Ya ka gani?

Amsa: Malam, ku sa kyamarar in kuna so amma don Allah kar ku taɓa madubin. Igiyar ja yawanci kamar mita 60 ce, kuma abin da matuƙi ke son gani a bayansa kaɗan ne, igiya ta miƙe ko da saura, an ɗaga fiffiken gilaidar an shirya tashi, birkin iska na gilaidar a rufe yake ko ya buɗe ba a sani ba, sai kuma ya tabbatar gilaidar ta saki igiya kafin ya yi ƙasa. Madubi na nuna duk wannan nan take, ba waya ba batir. Matsalarsa dai karkarwa, a jirage irin su Piper Pawnee inji na girgiza shi, in kuma mai tudu ne gilaidar sai ta koma 'yar mitsitsiya.

Kyamarar da aka ɗaura a wutsiya ta fi nuna ƙugiyar da ake maƙala igiya da igiyar kanta, wannan gaskiya ne. Sai dai rana na dukan sikirin komai ya wanke fari fat, mai araha kuma hotonta na ɗan makara, ga shi tana jawo idon mutum cikin jirgi a lokacin da ya kamata yana kallon gaba.

Abin da ya fi kashe matuƙan ja shi ne gilaida ta haura sama da yawa daf da tashi, ta ɗaga wutsiyar jirgin, hanci ya kifa ƙasa, cikin 'yan daƙiƙu an gama. Wanda ya tsaya leƙen madubi ko sikirin a nan ya makara, da ka ji wutsiya na tashi kana jan sitiyari ba ya ji, saki igiya kawai. Shi ya sa ni da kuɗin a hannuna yake ƙugiya zan fara dubawa, tsohuwar samfurin Schweizer kan cije in igiya ta ja sama da ƙarfi, kulob da yawa sun koma ta Tost saboda haka.

Kuma kar wani ya ɗauko dirila ya huda jikin jirgi da kansa, sai injiniya mai lasisi ya duba ya sa hannu, bisa dokokin hukumar kula da jiragen sama, a Amurka FAA, a Turai EASA.