Wayarka a Gwanzu

Alhaji, ka tambaya ko wayarka za ta yi aiki idan ka je Gwanzu, a ƙasar Sin, sarin kaya. Za ta yi, sai dai WhatsApp da Facebook da Gmail duk a toshe suke a intanet ɗin ƙasar Sin. Tun kana gida ka sauke WeChat (manhajar hira da biyan kuɗi) da Alipay (manhajar biyan kuɗi) ka yi rajista. A can ko mai ƙaramin shago lambar QR zai nuna maka ka biya, dillalai kuma ta WeChat suke turo hoton kaya da farashi.

Don Allah kada ka cire layinka na gida, ta nan banki zai turo maka lambar sirri. Idan ka kunna data a kansa WhatsApp zai buɗe, amma fa yana cin kuɗi sosai.