Maganin Baba daga alade ake yinsa, mu daina ba shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Makka wajen titin Mansur. Babanmu an masa aiki a hanyar matsarmama, likita yace sun yanke wani ɓangare na bankiriyas ɗinsa, wato gaɓar cikin ciki da ke fitar da ruwan narkar da abinci, suka ɗora shi akan Creon 25000 duk cin abinci da kuma Ursofalk. To ƙanina ya karanta takardar cikin kwalin yaga ashe daga alade ake ciro Creon ɗin, wani malami yace mana haramun ne kai tsaye, shine muka tsayar masa yau kwana goma muna ba shi zuma da habbatus sauda. Amma yana ta ramewa, bayan gidansa mai maiƙo ne har yana tasowa saman ruwa. Menene hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Hajiya kafin komai, yau ɗin nan ku mayar masa da maganin, sannan ku faɗa wa likitan gaskiya cewa kun tsayar kwana goma, kar ku ji kunya.

Haramcin alade babu mai ja, ba sai na kawo aya ba. Ursofalk ma ba damuwa, asalin sinadarin a matsarmamar wata dabbar daji aka fara gano shi amma na yanzu haɗa shi ake a masana'anta. Abin da na tsaya akai a tambayarki shine kalmar "sun yanke". Wanda aka yanke wa bankiriyas jikinsa baya fitar da isasshen ruwan da ke narka mai da nama, maiƙon da kike gani abincin da ya ci ne ke fita bai amfane shi ba. Kuma duk maganin da ke wannan aikin da kyau, ko wane kamfani ne, daga alade ake ciro shi. Ki ƙara tambaya a saidaliyya, wato kantin magani, ko akwai madadi, in sun ce babu to ya halatta masa gwargwadon da likita ya rubuta.

Malamin da ya hana ku ba daga kansa ya faɗa ba. Akwai maganar Ibn Mas'ud da Bukhari ya kawo cewa Allah bai sanya warakarku cikin abin da ya haramta muku ba, kuma Ibn Taimiyya ya bambanta mai cin mushe da mai magani da haram, yace shi mai yunwa tabbas mushen zai tsayar masa da rai kuma bashi da wata hanya, shi kuwa magani ana sha a warke ana sha a ƙi warkewa, ga hanyoyin waraka da yawa. To mu ɗauki ma'aunin nasa mu auna Baba. Creon ba warkar da bankiriyas yake ba balle ace ƙila ya yi ƙila bai yi ba, aikin narkawar yake yi a cikin hanji duk lokacin da aka ci abinci, kun gani da idonku da kuka cire shi me ya faru cikin kwana goma. Mutum ne ga tuwo a gabansa yana ci amma yunwa na cinye shi, wannan ai shine mai yunwar da aka yi wa rangwame, dalilin da Ibn Taimiyya ya kafa hanin akai babu shi anan. Shafi'iyya dama sun halatta magani da najasa banda tsurar giya idan babu mai tsarki kuma likita amintacce ya faɗa, taron malamai da likitoci na Kuwait a 1995 ma akan lalura ya halatta insulin na alade, wato allurar masu ciwon suga. Ni dai ban yarda da masu cewa abin da aka ciro daga aladen ya rikiɗe ya koma wani abu daban ya zama halal ga kowa ba, da ya rikiɗe da bai yi aiki ba. Shi yasa in ƙaninki ya ci kabsa cikinsa ya kumbura ya ɗauki ƙwaya ɗaya cikin na Baba, shi haramun ya sha.

Ya riƙa sha tare da lomar farko ba bayan an gama ba, in haɗiya na masa wuya a buɗe kafson a zuba 'yan ƙwayoyin a cokalin zabadi (yogot) mai sanyi ya haɗiye kar ya tauna, kuma kar a bar kwalin a mota da zafin Makka. Zuma ya ci gaba in sugansa bai hau ba, don irin aikin nan yana jawo ciwon suga, a riƙa aunawa. Sannan ku yaran ku daina zancen alade a gabansa yana cin abinci, dattijo ne, in ƙyama ta kama shi ɓoye maganin zai dinga yi ƙarƙashin filo. Kece babba, ki zauna dashi ki faɗa masa an tambaya ance babu laifi akansa, sallarsa ma lafiya lau.

Wallahu a'alam.