Jika 40 don gyaran murya? Dakata tukuna

Tambaya: Ni mawaƙi ne a unguwar Ali Ɗan Sofo, ina waƙar biki da ta yabon Manzon Allah (SAW). Wani mai gyaran kwamfuta ya ce zai sa mini manhaja a jika 40, wai za ta koya mini waƙa kuma ta daidaita mini murya. In saya?

Amsa: Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu, ka koma ka tambaye shi sunan manhajar. Ina zargin ya haɗa maka abu biyu wuri ɗaya. Akwai irin su Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997. Ita abin da aka ɗauka take gyarawa, ba maƙogwaron mai waƙa ba. A sutudiyo za ka ji kanka kamar sarewa, amma ranar da aka miƙa maka makirfo a filin biki, muryar da ka baro gida da ita ce za ta fito.

Ɗayan nau'in shi ne mai zana maka murya a allo, ka ga inda ta hau da inda ta sauka. Akwai na kuɗi kamar VoceVista, amma Praat kyauta ce. Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam a ƙasar Holan ne suka ƙirƙiro ta tun farkon shekarun 1990, kuma da ita masu binciken harsuna suke aiki har yau. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, kuma in ka sauke ta sau ɗaya ba ruwanka da intanet. Aibinta ɗaya gare mu da muka yi lakwal da Faransanci: komai nata da Ingilishi ne. Kada wannan ya razana ka, maɓalli uku zuwa huɗu kawai za ka haddace.

Ga gwajin da nake fara yi wa kowa. Ɗauki muryarka kana cewa "kuka" na yaro, sannan "kuka" ta miya. A Praat za ka ga shuɗin layi: a na farko ya miƙe a sama, a na biyu ya faɗo a gaɓar ƙarshe. Abin da kunnenka ya sani tun kana goye, ga shi ido ya gani. Daga nan ja "aaa" na daƙiƙa 5. In layin ya sunkuya wajen ƙarshe, numfashi ne yake yanke maka, kuma can aikinka yake. In ba kwamfuta a kusa, Vocal Pitch Monitor a waya tana nuna irin wannan layin.

Sai dai ka yi hattara da manhajojin da ke ba da maki. An auna su ne da matakai 12 na fiyano, alhali mai jan ƙasida yakan ratsa tsakanin matakan nan da gangan, kuma nan zaƙin yake. Na'ura za ta ce ka kauce, malaminka ya ce ka dace. Bi malaminka.

Jika 40 ɗin kuwa, in dole sai an kashe, sayi makirfo mai shiga kwamfuta ta USB. Gwada shi a shagon kafin ka biya, ban da cinikin biri a sama. In za ka ɗauki murya, kashe fanka, rataya bargo a bango, bar taki ɗaya tsakanin bakinka da makirfon, ka ɗauka da manhajar Audacity, ita ma kyauta ce, ka adana a WAV, tsarin da ba ya matse sauti. Saƙon murya na WhatsApp ba ya yin wannan aiki, don matse sautin ake yi kafin a tura.

Tambaya: Ɗana shekararsa 4, wata uku ke nan ya fara in'ina. Na ga manhajar da ake biya duk wata, an ce tana warkarwa. Kakarsa kuma ta ce a kai shi wurin wanzami.

Amsa: Hajiya, duka biyun a'a. In'ina ba daga beli take ba, ba kuma daga ƙarƙashin harshe ba. Aska ba abin da za ta ƙara wa yaron sai ciwo da zubar jini. Ki lallaɓa Kaka da girmamawa, amma ki tsaya a kan haka.

Da yawa daga manhajojin nan maido wa mutum muryarsa suke yi a kunne, a makare da ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba, sai ya rage gudun magana. Wasu manya suna jin sauƙi muddin abin yana kunnensu, kuma sau da yawa amfanin yana raguwa in an saba. Ba kayan ɗan shekara 4 ba ne. Manhajojin koyar da furuci kuma galibi na Ingilishi ne ko Faransanci, ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ga shi kuɗin wata yakan ci gaba da fita da kansa in ba a soke ba.

In'ina takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma kusan yara uku cikin huɗu tana barinsu da kanta. Ke ki rage saurin maganarki in kina hira da shi. Kada a ƙarasa masa kalma, kada a riƙa ce masa "nutsu mana", yayyensa kuma a ja musu kunne kan kwaikwayonsa. Wayar hannunki ta wadatar: ɗauki bidiyonsa yana wasa sau ɗaya a wata. In in'inar ta haura wata shida, ko kin ga yana matse ido yana kokawa da kalma, ko akwai mai in'ina a dangi, ki kai shi asibiti da bidiyoyin, a duba jinsa, ki kuma tambayi inda za a sami ortofonis, wato mai koyar da gyaran magana.

Tambaya: Ina koyarwa a firamare, muryata ta disashe wata biyu. Wace manhaja za ta gaya mini abin da ke damuna?

Amsa: Mushe, babu ita. Manhaja za ta nuna cewa muryar ta disashe, abin da ɗalibanka suka riga suka sani. Disashewar da ta wuce mako uku zuwa huɗu ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, wanda ake kira ORL, shi zai leƙa ya ga tantanin muryar da idonsa. In kana shan taba, kada ka ƙara ko mako ɗaya ba ka je wurinsa ba. Kafin nan yawaita shan ruwa, rufe hanci da baki in ƙurar hunturu ta taso, kuma ka daina raɗa, ita ma tana wahalar da maƙogwaro. Abin saye ɗaya zan nuna maka: ƴar lasifikar nan da ake ɗaurawa a ƙugu, mai makirfo a gefen baki, irin ta masu tallar magani a kasuwa. Zaɓi wadda cajinta zai kai ka tashin lakwal.