Ni ce ta farko a gidanmu da za ta fita karatu waje, kuma dangi sun fara lissafin dala

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce daga Aboabo, a Kumasi. Na ci jarrabawar WASSCE, kuma wata jami'a a Amurka ta ɗauke ni tare da tallafin karatu. Mahaifina ya rasu, mahaifiyata koko da ƙosai take sayarwa, kuma babu wanda ya taɓa shiga jami'a a gidanmu. Tun yanzu dangi sun fara maganar gyaran ɗaki da kuɗin makarantar ƙannena. Shin zan iya yin karatu ina aiko da kuɗi gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kuma saka wa mahaifiyarki, domin guminta ne ya kawo ki wannan matsayi. Gaskiyar magana ita ce, a shekarun digirin farko ba za ki iya ɗaukar nauyin gida ba, kuma gara dangi su ji wannan daga bakinki kina Kumasi da su gano shi bayan kin tafi.

Doka ce ta sa haka. Bizar ɗalibta ta Amurka, wadda ake kira F-1, ta yarda ki yi aiki a cikin harabar jami'a kawai, na awa 20 a mako lokacin karatu, kamar a ɗakin karatu ko ɗakin cin abinci. Aiki a wajen jami'a sai da izini, galibi bayan kin cika shekarar karatu ɗaya, kuma akasari sai aikin ya dace da fannin da kike karantawa. Mafi ƙarancin albashi a dokar tarayyarsu dala 7.25 ne a awa. Jihohi da jami'o'i da dama suna biyan fiye da haka, amma idan muka yi lissafi da shi, awa 20 dala 145 ke nan a mako. In an juya wannan zuwa sidi, kuɗin Ghana, sai ya yi girma a kunnen mutanen gida, alhali a can littattafai da waya da rigar sanyi za su cinye shi. Za ki gamu da 'yan ƙasarmu masu kyakkyawar niyya da za su ce su samo miki aikin kitso ko na shago a ɓoye. Ina roƙonki kada ki karɓa, domin idan aka gano, za a iya soke matsayinki na ɗaliba, tallafin ya tafi, ki dawo ba digiri ba kuɗi.

Kafin maganar aikawa gida ma, ki tabbatar tallafin ya ishe ki ke kanki. Jami'a za ta aiko miki da takardar I-20, a ciki akwai ƙiyasin kuɗin shekara da inda za su fito. Ki karanta ta layi-layi, ki ga ko akwai giɓi. Sau da yawa abin da muke kira cikakken tallafi kuɗin makaranta ne kaɗai, babu ɗaki da abinci da inshorar lafiya. Ko da an haɗa da ɗaki da abinci, ana iya cire harajin kashi 14 cikin ɗari daga wannan ɓangaren. Akwai kuma kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje ta gwamnatin Amurka, dala 350, da kuɗin neman biza dala 185, da tafiya Accra don ganawa a ofishin jakadancin Amurka da ke Cantonments, da tikitin jirgi. Ki rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje ki tambaye su ƙarara wanne za su biya a cikin waɗannan, da inda za ki zauna a hutun Disamba da dogon hutu idan an rufe ɗakunan kwana. Cibiyar EducationUSA, ta gwamnatin Amurka mai taimaka wa masu neman karatu a can, tana ba da shawara a kan irin waɗannan takardu, ki kai musu taki su duba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna game da yaranmu na Zango. An rene mu a kan kunya, da sunkuyar da kai a gaban malam, da ɓoye rashi don kare mutuncin gida. Tarbiyya ce mai kyau, sai dai a can ana ɗaukar shirun ɗalibi a matsayin ba ya bukatar komai. Malamai suna ware sa'o'i a kowane mako suna zaune a ofis domin ɗalibai su zo da tambaya, kuma 'ya'yan waɗanda suka yi jami'a sun san haka tun daga gida, ke kuwa babu mai faɗa miki. Ki je tun makonnin farko, kafin darasi ya yi miki nauyi. Dole ne ki riƙe cikakken nauyin karatu, yawanci kiredit 12 (ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya ɗauka) a kowane zangon karatu, saboda haka kada ki ajiye wani darasi sai kin yi magana da jami'in da ke kula da bizarki. Jami'o'i da yawa suna da asusun gaggawa, da shiri na musamman ga waɗanda su ne na farko a gidansu, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi da za ta nuna miki masallacin Juma'a da inda ake samun naman halal.

Zancen dangi kuwa, kada ki tunkare shi ke kaɗai, domin yarinya ba ta iya ce wa kawunta a'a. Ki sami dattijon da ake jin maganarsa, ko limamin unguwa, ki nuna masa lissafin nan, ya zauna da su a gaban mahaifiyarki ya bayyana cewa karatu za ki je yi na shekara huɗu. Idan kin zauna daidai, kina iya ware ɗan abin da ba zai taɓa karatunki ba, ki aika wa mahaifiyarki kai tsaye a lokacin azumi da Sallah, kuma kada ki yi wa kowa alkawarin wani adadi a wata. Ku tsayar da ranar waya guda a mako. Idan kina gabashin Amurka, Kumasi tana gabanki da awa huɗu ko biyar gwargwadon lokacin shekara, don haka in kin kira da azahar ɗinki za ki same ta da yamma, ta riga ta tashi daga bakin kasko.